Tarin Tsohuwar Fanka

3 ga Maris

Zuwa ga Baffa Mai Dalma,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce mai yawa daga Autar yayanka, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da duk mutanen gidan, da jiragen ruwan da kake gyara wa rediyo.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa a wannan zamani. Laifin kunnenka ne. Ranar da na kira ka a waya, minti ashirin na yi ina ihu, har maƙwabta suka haddace sunayen magungunan Baba, kai kuwa sai cewa kake yi "to madalla". Saƙon waya kuma ka ce yatsunka sun fi madannan girma. Shi ya sa na koma wa biro.

Jikin Baba da sauƙi, amma ba zan yi maka irin "da sauƙi" ɗin da ake yi wa na nesa ba. Wata huɗu ke nan da hawan jini ya buge shi. Hannu da ƙafa na dama sun shanye, na hagu suna aiki. Yana ci, yana barci, yana bin mu da ido. Magana ce dai babu, ko kalma ɗaya. Baffa, mutumin da ya shekara talatin yana koyar da tuƙi, wanda ake jin faɗansa daga ƙarshen layi, yau shi ne zaune shiru a kujera. Shirun nan ya fi komai ci mini rai.

Likitar da ke motsa masa jiki ta ce mu nemi abin da ya fi so a da mu ajiye masa a gaba, ko zai ja hankalinsa waje. Ni da Inna muka kalli juna, a tare muka ce tsohuwar kwamfuta. Ka tuna wasan tseren motocin nan naku, mai jar mota da hanya a bakin teku? Tun da ka tafi, shekara goma sha takwas ke nan, bai daina ba sai bara da allon ya fara zane-zane. Har yanzu sunanka ne a saman jerin gwanaye: DLM, wato Dalma a taƙaice, minti biyu da daƙiƙa arba'in da ɗaya. Sauran layuka tara duk nasa ne, mafi kyau a ciki biyu da arba'in da huɗu. Kullum idan ya kasa sai ya bugi tebur ya ce ka yi maguɗi, wai ta yaya mutumin da ko keke ba ya iya juyawa zai ci malamin tuƙi.

Na zaro ta daga bayan kabad na kunna. Tana tashi, amma allon sai layuka kore da ja, can kuma ya yi baƙi. Mai gyara na bakin titinmu ya ce katin da ke fitar da hoto a allon ne ya gaji, irinsa an daina yi, sababbin kuma ba sa shiga raminsa. Ya ce in zubar in huta. Na dai ce ya ciro mini katin.

Ga shi nan na naɗo maka. Idan zai gyaru, kai ne. Idan ba zai gyaru ba, ka gaya mini kai tsaye, kada ka lallashe ni.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa abin jin nan a kunne, ba a aljihu ba.

'Yarka,
Auta

19 ga Maris

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, gwiwa ce kawai ke yi mini gardama a kan matakalar jirgi. Na karanta labarin Yaya sau uku. Na gode da ba ki yi mini kwana-kwana ba. Allah ya ba shi lafiya, ya buɗe bakin nan, ko da zagina zai fara da shi.

Kati ya iso. Amma wa ya ce miki ana naɗe katin kwamfuta a cikin safa? Safar ma ta Yaya ce, na gane ta da ramin babban yatsa. Kin yi sa'a abin na da ne, yana da taurin rai irin na mai shi.

Na ɗora shi a tebur ƙarƙashin fitila na sa gilashin ƙara girma. Mai gyaran titinku bai yi ƙarya ba, ya dai yi lalaci. Ga abin da na gani. Akwai wasu 'yan gwangwanaye da ke tsaye a kan katin, mu muna ce musu kafasita. Biyar sun kumbura, ɗaya har ya yi amai. Su ne suka jawo zane-zanen. Farin man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen da ke shanye mata zafi ya bushe ƙayau kamar tsohon fenti. Haƙoran zinariyar da ke shiga rami sun yi duhu. Ƙura kuwa, da na tara ta da na yi matashi. Duk wannan ba mutuwa ba ce, tsufa ne, kuma tsufan ƙarfe yana da magani.

Abu ɗaya ne ya tsayar da ni. Ƙaramar fankar da ke kan katin, sukurori huɗu ya kamata su riƙe ta. Biyu na samu. Ɗaya gefen an ɗaure shi da robar kama gashi, ruwan hoda, har da ɗan ƙwallon ado a jiki. Na yi dariya har abokin aikina ya leƙo ya ga ko lafiya. Shekara talatin da biyu ina wannan sana'a, na ga an gyara rediyo da cingam, amma ban taɓa ganin kati da kitso ba. Wane gwani ne ya yi wannan aika-aika? Kada ki ce mini ba ki sani ba.

Sai na jira kafasita masu daidai girma, nan ba a samunsu a kowane shago. Ki ba ni sati biyu. Ki gaya wa Yaya a kunnensa na hagu cewa Mai Dalma ya ce ya fara motsa yatsu, don ba zan gyara kati a zo ana ba ni kunya ba.

Ki gaida Innarki. Abin jin yana ba ni ciwon kai, shi ya sa.

Naki,
Baffa

28 ga Maris

Baffa,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta saki. Baba yana nan yadda yake. Jiya ya riƙe kofi da hannun hagu ya sha da kansa, Inna ta shiga ɗaki ta yi kukanta ta fito.

Robar tawa ce, gwanin kuma yayanka ne. Ina aji uku a firamare, wata ranar Asabar fankar ta fara wani irin ƙara. Baba ya buɗe, sukurori biyu suka faɗa ƙarƙashin kabad, har yau ba a gan su ba. Inna ta ce ya kai wa mai gyara. Ya ɗaure fuska ya ce, "Ina da ƙani mai dalma, in kai wa bare kayana ya yi mini dariya?" Ta ce to ƙanen yana ina? Ya ce zai dawo. Sai ya waiwayo ya gan ni a tsaye, ya miƙa hannu ya zare robar daga kaina. Na wuni da gashi a tsaye ina fushi.

Tun daga ranar kwamfutar take kar-kar-kar kamar mai son yin kaki. Inna ta sa mata suna Mai Tari. Daga kicin take sanin ya zauna, sai ta ce, "To, an tafi tsere, a rufe abincin."

Na isar masa da saƙonka. Ya daɗe yana kallon hannunsa. Ko kuma ni ce nake son in ga haka.

Ka yi sauri, Baffa, amma kada ka yi gaggawa. Ka san abin da nake nufi.

Auta

10 ga Afrilu

Auta,

Ina gaishe ku duka, da mai jiki musamman. Ga katinku ya dawo, a cikin leda mai ƙyalli irin wadda aka yi dominsa. Safar ma na wanke na haɗo.

Bari in yi miki ɗan alfahari, tunda babu mai yi mini. Na cire kafasita shida, biyar masu kumburi da ɗaya da ban yarda da fuskarsa ba, na dasa sababbi. Hannuna bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Na kankare tsohon man, na goge da sifirit, na ɗiga sabo daidai ƙwayar shinkafa. Haƙoran zinariya na bi su da robar goge fensir har suka yi ƙyalli. Tarin da kika ce kuwa, ni ban ji shi ba, kin san kunnena, amma da na ba fankar wuta na ɗora yatsa na ji tana rawa kamar haƙori mai shirin fita. Na yi maganinta. Na sa sabuwa mai sukurori huɗu cif, wadda ko ƙuda ya fi ta ƙara. Abokin aikina ya kara kunne ya rantse bai ji komai ba. Na gwada katin a wata tsohuwar kwamfuta wuni guda, ko ɗumi bai yi ba.

Wajen sawa, ki cire wayar wuta tukuna. Ki taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ki taɓa katin. Ki riƙe shi ta gefe-gefe, ki daidaita shi da ramin nan mai ruwan ƙasa, ki danna a hankali har ki ji ya zauna. Kada ki kira mai gyaran titinku, ba na son ya ga aikina ya ji kunya.

Za ki ga gwangwanin man takalmi a ƙasan kwalin. Wannan na Yaya ne. Ki ajiye masa a gaba, ya ga aikinsa.

Ki rubuto mini ranar da kuka kunna. Ina son in san yadda fuskarsa ta yi. Kada ki rage komai.

Baffanki

21 ga Mayu

Auta,

Sallama da gaisuwa. Yau kwana arba'in da ɗaya da na aika kwali. Gidan waya sun tabbatar mini an karɓa, har da sa hannunki. Daga nan shiru.

Na yi ta lissafi. Na ce ko katin ya ƙone ne kina jin nauyin gaya mini. Idan haka ne, ki faɗa, ba a kansa aka fara ba. Na ce ko dariyar da na yi wa gyaran Yaya ce ta yi miki ciwo. Idan haka ne ki yi haƙuri. Mu haka muka taso, ni da shi, wanda bai tsokani wani ba ranar ba shi da lafiya. Na manta cewa ke ce kike ɗaga shi kina kwantar da shi, wasan da ke yi mini daɗi a nan ba lallai ya yi miki daɗi a can ba.

Akwai lissafi na uku da ba na son in rubuta. Na kira wayarki sau biyu, kin ɗauka, na ji murya amma ban rarrabe komai ba, na kasa gane ko kuka kike ko magana. Idan wani abu ya sami Yaya kuka ce a ɓoye mini sai na zo, wallahi ba zan yafe muku ba. Ni ba yaro ba ne.

Layi ɗaya ya ishe ni.

Baffa

29 ga Mayu

Baffa,

Baba yana raye, yana nan a kujerarsa. Na fara da wannan don ka sauke numfashi. Ka yafe mini tsoron da na ba ka. A waya abin da nake ta faɗa ke nan, lafiyarsa ƙalau, ashe ba ka ji ba.

Katin bai ƙone ba. Na sa shi yadda ka ce, na kunna, hoto ya fito tas, ban taɓa sanin tekun nan shuɗi ne haka ba. Na gyara tebur, na goge madannai, muka turo kujerar Baba har gaban allo. Inna ta sa sabon mayafi kamar za a yi baƙi. Na ɗora hannunsa na hagu a kan madannai, jar motar tana tsaye a bakin layi tana jiransa.

Ko kallo bai yi ba, Baffa. Idonsa yana kan taga. Na juyo da fuskarsa da hannuna, ya kalli allon kamar yadda yake kallon bango, ya mayar da kai. Washegari haka, jibi haka. Kwana goma ina yi. Ranar ƙarshe na kashe kwamfutar na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni. Duk zuciyata na ɗora a kan katin nan. Na kasa rubuto maka saboda ka ce kada in rage komai, ni kuma ba ni da abin da zan ba ka.

Tunda ana faɗin gaskiya, bari in ƙarasa. Dariyar robar ba ta dame ni ba, ni ma na yi. Man takalmin ne ya ƙona mini rai. Mutumin da ya yi wata bakwai bai sa takalmi ba, wanda takalmansa ke jere a bayan ƙofa suna ƙura, shi za ka aiko wa man takalmi ka ce ya ga aikinsa? Na san tsokana ce irin taku, amma wannan ta wuce. Na cusa gwangwanin a saman kabad, ban nuna wa kowa ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau kuwa, Inna ce. Shekaranjiya na sake kunna kwamfutar ina kallonta ni kaɗai. Inna ta shigo da tsintsiya ta ce, "Au, a kunne take?" Na ce tun ɗazu. Ta tsaya ta saurara, sannan ta ce, "Ni fa tun ranar farko na so in faɗa, na ga kin sha wahala na yi shiru. Wannan ba tasa ba ce. Tasa tana tari." Na ce Inna, ai gyarawa aka yi. Ta ce, "To an gyara ta har ta zama ta wani. Ni da nake da lafiya ma ban gane ta ba, balle shi."

Likitar ta taɓa gaya mana idonsa ba ya ɗaukar komai yadda ya kamata tun ciwon, amma kunnensa garau yake. Ni ce ban haɗa ba.

Baffa, tsohuwar fankar, ka zubar? Na san an kusa wata biyu, na san shara ce. Amma ka duba.

'Yarka mai laifi,
Auta

6 ga Yuni

Auta,

Alhamdu lillahi. Na karanta layin farko na zauna a kan akwatin kayan aiki, sai da na daɗe kafin in karanta sauran.

Yanzu ki ajiye takardar nan, ki ɗauko kujera, ki hau, ki sauko da gwangwanin nan, ki BUƊE shi.

Man takalmi! Ni zan aika wa Yaya man takalmi? Ke dai kin ɗauke ni mugu. Ba ki taɓa shiga shagona da wayonki ba, shi ya sa. Maigidan da ya koya mini aiki yana da doka: duk abin da ka cire daga kayan mutum, ko sukuru ne, ka mayar masa, don ya ga ba ka cuce shi ba. Shi a takarda yake naɗewa. Ni tun ina saurayi a gwangwanin man takalmi nake zubawa, saboda murfinsa ba ya buɗewa da kansa. Duk masu goge takalmin tashar nan ni suke tara wa. Yaya ya sani, shi ya fara ba ni guda biyu. Fankarku tana ciki da sukurorinta biyu, da kafasita shida, da robarki. Aikinsa da na ce ya gani ke nan. Laifina ne da ban rubuta a murfin ba.

Innarki kuma ta fi ni iya gyara. Kin rubuto mini ƙarara cewa sunanta Mai Tari, ni kuma na karanta na ga cuta, ban ga suna ba. Kurma aka ba aikin murya.

Ga yadda za ki yi. Sabuwar fankar ki bar ta a kan katin, ita ke hana shi ƙonewa. Tsohuwar ba za ta yi aikin komai ba sai surutu, kamar ni idan na yi ritaya. Ki ɗaura ta a ragar da ke bayan akwatin daga ciki, sukurori biyu a gefe ɗaya, ɗaya gefen da roba. Kada ki matse, a sake take tari. Na haɗo miki 'yar waya mai baki biyu, ƙaramin bakin na fanka ne, babban ki jona shi da farin soket ɗin da ke lilo a ciki ba a sa masa komai ba. Ba ya shiga a juye.

Shekara talatin da biyu ina cire ƙara daga kayan mutane. Yau ga ni da hannuna ina koya wa 'yata yadda ake sawa. Kada ki gaya wa kowa a sana'ar.

Baffa

15 ga Yuni

Baffana,

Gaisuwa, da neman gafara a kan gwangwani. Na buɗe na gan su kwance kamar yadda ka ce, na ji kunya har kunnuwana suka yi zafi. Wata biyu abin da nake nema yana saman kaina ina harararsa.

Ka ce kada in rage komai, to ga shi.

Tsohuwar robar ta bushe, ina ja ta tsinke. Na duba ko'ina ban sami wata ba, sai na kai hannu kaina na zare wadda nake ɗaure da ita. Inna ta ce, "Tarihi ya maimaita kansa, saura fushin." Ranar Asabar ce da hantsi. Ban turo Baba gaban allo ba a wannan karon, na gaji da sa rai. Yana can gefen taga ya ba mu baya. Na jona wayar, na rufe akwatin, na danna.

Da farko shiru. Na ce ta mutu a gwangwani. Sai ta yi wani ɗan kuka, ta yi kar, ta tsaya, sannan ta kama: kar-kar-kar-kar. Baffa, sai na ga kamar an mayar da ni aji uku.

Inna ce ta taɓa ni. Na waiwaya. Baba ya ɗago kai. Bai juyo ba tukuna, ya dai karkata kunne, kamar mai jin sallama a ƙofar gida yana son ya gane muryar. Can sai ya fara buga hannun kujera da hannun hagu, yana buga yana kallonmu, irin kallon nan na "me kuke jira". Muka turo shi da gudu har muka kusa kayar da tebur.

Da kansa ya ɗora hannu a madannai. Bai iya tsere ba, kada in yi maka ƙarya. Motar ta bugi katanga sau bakwai, ta juya baya, ta faɗa teku. Amma kafin kwanar nan ta bakin rami sai da ya rage gudu, kamar kullum, kamar akwai ɗalibi a gefensa. Minti tara ya yi kafin ya kai layi. Sai jerin gwanaye ya fito, sunanka a sama.

Ya daɗe yana kallo. Bakinsa ya fara motsi, gefe ɗaya yana ja, wuyansa har jijiya ta tashi. Na durƙusa na ce, "Baba, ruwa?" Ya girgiza kai. Ya ɗaga yatsa ya dangwala a kan DLM, ya bugi tebur, ya ce:

"Ma-gu-ɗi."

Wata bakwai da rabi, Baffa. Bai ce Auta ba, bai kira Inna ba. Kai ya zaga, kamar yadda ka roƙa. Inna tana dariya tana kuka tana cewa, "Ka ji mutumin, ka ji shi fa!" Ni ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Daga ranar ya ƙara kalma uku: "ruwa", "a'a", da "kunna". Likitar ta ce kada mu yi gaggawa, hanya tana da nisa, kuma ba ta yi mana alkawarin komai ba. Mun ji. Yanzu haka da nake rubutu Mai Tari tana ta yi a falo, kuma babu waƙar da ta kai ta daɗi.

'Yarka,
Auta, mai gashi a tsaye

24 ga Yuni

Auta, wannan ba taki ba ce. Ki zauna ta gefensa na hagu ki karanta masa da ƙarfi, kada ki gyara ko kalma.

Yaya,

Ƙanenka ne Mai Dalma. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. An ce ka buɗe baki, kuma da ni ka fara. Na gode. Da ka fara da wani da na ji haushi.

Shekara goma sha takwas kana faɗa ina musu. Yau zan gaya maka. Ka yi gaskiya.

Ka tuna safiyar da zan tafi, ka fita nemo motar da za ta kai ni tasha, ka bar ni a falo da jakata? Na kunna kwamfutar, na buɗe inda wasan ke ajiye lissafinsa, na canza lamba. Ban taɓa yin biyu da arba'in da ɗaya ba a rayuwata. Biyu da hamsin da takwas ne iyakata, shi ma ranar sa'a ce. Na san halinka. Na san idan ka ci ni sau ɗaya za ka kashe kwamfutar ka rufe ta da zane, shi ke nan. Ni kuma ina tsoron in yi nisa a daina ambatona a gidan. Na ce bari in bar maka abin da zai sa kullum ka kira sunana, ko da da zagi ne. Na yi niyyar in dawo bayan shekara biyu in faɗa maka mu yi dariya. Ka ga yadda shekara biyun ta zama.

Don haka layuka taran nan naka, kowanne ya ci ni. Ka daɗe da cin tseren nan, Yaya, kai kaɗai ne ba ka sani ba.

Na nemi hutu, sun ba ni sati uku daga farkon wata. Zan zo da sukurori biyu, amma na yi alkawari ba zan ɗaura su ba. Kai hannu ɗaya, ni ba kunne, ka ga an yi daidai. Zan sa abin jin nan ko zai fasa mini kai, don ina son in ji tarin nan, kuma ina son in ji ka faɗa mini a fuskata.

Auta, idan kin gama ki kalle shi da kyau. Wannan karon ba sai kin rubuto ba, ki riƙe mini sai na iso.

Ƙanenka,
DLM, biyu da hamsin da takwas